Laburare ɗaya ga masu Python, Java da Go: mu bi hanyar jsii ko kowa ya rubuta nasa?

Shugaban tawaga:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta shafe makonni tana ci mana tuwo a ƙwarya a wurin aiki. Muna da tawagogi uku da duk suke ɗora ayyukansu a kan gajimaren AWS na kamfanin Amazon ta hanyar CDK, kayan aikin da ake rubuta tsarin kafa kaya da shi a harshen shirye-shirye: ɗaya tana rubutu da Python, ɗaya da Java, sai wasu samari biyu da suka zo mana kwanan nan waɗanda Go ne harshensu. Kowace tawaga tana kafa nata bokitin S3 na ajiyar fayiloli, nata rumbun bayanai da nata hanyar sadarwa, kuma kowacce da irin nata sakaci. A watan jiya muka gano wani rumbun bayanai da aka kafa ba tare da kariya daga gogewa ba, ajiyarsa ta ko-ta-kwana kuma ta kwana ɗaya ce tak, alhali bayanan abokan cinikinmu ne a ciki. Shi ya sa nake so mu samar da laburare guda wanda zai ƙunshi dokokinmu, ta yadda duk wanda ya nemi rumbun bayanai zai same shi a kulle tun daga farko. Tambayata ita ce, mu rubuta shi sau ɗaya da TypeScript mu bar jsii ya fassara shi zuwa sauran harsunan, ko kuwa kowace tawaga ta rubuta nata da harshen da ta iya?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. Yallabai, kafin a kai ga zaɓi akwai kalma ɗaya a tambayarka da ya kamata a gyara, domin a kanta mutane da yawa suke yin tuntuɓe: jsii ba ya fassara kod. Idan ka rubuta laburare da TypeScript, abin da jsii yake yi shi ne ya karanta fuskar laburaren, wato sunayen azuzuwa, ayyukan da suke yi, da nau'in bayanan da kowanne yake karɓa yake mayarwa, ya zuba su a cikin wani fayil na JSON. Daga nan wani kayan aiki mai suna jsii-pacmak yake ɗaukar wannan fayil ya ɗinka wa kowane harshe rigarsa, a kai ta Python zuwa PyPI, ta Java zuwa Maven, ta .NET zuwa NuGet, wato rumbunan da masu kowane harshe suke ɗauko laburare. Amma idan ka buɗe ƙunshin Python ɗin za ka tarar da ainihin JavaScript ɗin da TypeScript ɗinka ya koma a naɗe a ciki, ba a taɓa ko layi ɗaya ba. Lokacin da shirinka na Python ya tashi, sai ya tayar da Node.js, injin da yake gudanar da JavaScript, a bayan fage, su riƙa aika wa juna saƙonnin JSON: ƙirƙiro mini wannan, kira mini wancan, ga amsa.

Kamar mai shago ne a bakin titi wanda maƙerarsa take can cikin lungu. Kai da ka zo saye fuskar shagon kake gani, amma kowace fartanya sai an aika yaro ya ɗauko ta daga lungun. Da wannan dabarar AWS suka fitar da CDK ga kowa a 2019 da TypeScript da Python, Java da .NET suka biyo baya a ƙarshen wannan shekarar, Go kuma sai a 2022. Ribarta a fili take, tunda kod ɗaya ne yake aiki, ba zai yiwu mai Python ya sami wata doka mai Java ya sami wata ba.

Ɗaliba mai koyon aiki:
Malam, wallahi yanzu na gane abin da ya same ni a makon farko da na fara aiki. Na shirya akwatin Docker mai Python kaɗai don gudanar da gwaje-gwajenmu, bisa tunanin cewa Node ana bukatarsa ne kawai wajen umarnin cdk deploy. Gwajin bai ko kai layi na biyu ba, a kan shigo da aws_cdk ya faɗi, yana cewa bai sami node ba. Na shafe yini guda ina zargin pip da sigar Python, har sai da wani babba a ofis ya leƙo allona ya ce in ƙara Node a cikin akwatin. Ya yi aiki, amma bai faɗa mini dalili ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Malamar Java:
Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce, kusan duk wanda ya shigo CDK ta ƙofar da ba ta TypeScript ba ya taka wannan ƙayar. Ni na yi shekara biyu ina amfani da laburaren da aka samar ta jsii, kuma zan goyi bayan a bi hanyar, sai dai ina so shugaban tawaga ya san kuɗin da zai biya tun kafin ya shiga kasuwar.

Na farko, wanda zai rubuta laburaren ba TypeScript cikakke zai rubuta ba. jsii yana ƙin duk abin da ba zai iya bayyanawa a dukkan harsunan ba, saboda haka ba za ka ba ayyuka biyu suna ɗaya ba ko da abin da suke karɓa ya bambanta, ba kuma za ka ƙirƙiro aji mai ɗaukar kowane irin nau'i ba, abin da mu masu Java muka saba da shi tun 2004. Har suna ma yana da hukunci: intafes da ya fara da harafin I ana ɗaukarsa a matsayin mai ayyuka, wanda bai fara da shi ba kuma tarin bayanai ne kawai. Na biyu, inda marubucin ya ce wani gurbi yana karɓar ko rubutu ko wani abu dabam, a Java sai gurbin ya zama Object, kamfaila ta daina taimakonka, kuskuren da ya kamata a kama tun kana rubutu sai ya jira lokacin gudanarwa. Na uku, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne saƙon kuskure. Ka yi kuskure a Java, amma sawun da za a nuna maka rabinsa fayilolin JavaScript ne da ba ka taɓa buɗewa ba. Dole a kowace tawaga a sami aƙalla mutum ɗaya da zai iya karanta TypeScript, in ba haka ba duk ƙaramar matsala kan marubucin laburaren za ta dawo.

Duk da haka, gwanda wannan wahalar da ta kwafi uku. Na taɓa aiki a wani wuri da aka rubuta dokokin tsaro sau biyu, da Java da Python, bayan wata shida aka gyara ɗaya aka manta da ɗayar, kuma babu wanda ya lura sai da masu binciken tsaro suka zo.

Mai Pulumi:
Da izinin manya, ni ina ganin an taƙaita zancen a kan hanya ɗaya, alhali akwai ta biyu. Pulumi, wani kayan aikin kafa kaya a gajimare irin CDK wanda ya fito a 2018, bai bi ta Node ba. Kowane mai samar da albarkatu, na AWS ne ko na Azure ko na Kubernetes, yana da sikima, wato fayil ɗin da ya lissafa kowace albarka da gurabenta da nau'insu. Daga wannan sikimar ake samar da kod na gaske a kowane harshe, na Go ya zama Go zalla, na Python ya zama Python zalla, kuma shirinka yana magana da injin Pulumi ta gRPC, wata hanyar aika saƙo tsakanin shirye-shirye. Mai Python ba ya bukatar Node ko kaɗan. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, ita ce Google suka yi da Protocol Buffers da suka saki a 2008, ita ce ta OpenAPI, kuma su kansu AWS ita suke bi da Smithy wajen samar da sababbin laburarensu na Go da Rust da Kotlin. Na Azure Native a Pulumi daga bayanan OpenAPI na Microsoft kai tsaye ake samar da shi, shi ya sa sababbin abubuwa ba sa daɗewa kafin su bayyana a ciki. Me zai sa a ɗaura wa masu Go da Java wani Node a ƙafa?

Tsohon hannu:
Ɗan'uwa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da sikima take iya ɗauka shi ne bayani: bokiti yana da suna, sunan rubutu ne, yana da gurbin ɓoye sirri, gurbin yana karɓar kaza ko kaza. Irin wannan ana iya zuba shi a harshe goma ba tare da an rasa komai ba, kuma CDK ma haka yake yi a matakinsa na ƙasa, domin duk azuzuwan da suka fara da Cfn inji ne ya samar da su daga bayanan CloudFormation, sashen AWS da yake kafa abin da CDK ya tsara. Abin da shugaban tawaga yake so ya raba kuwa ba bayani ba ne, hukunci ne: idan rumbun na aikin gaske ne a kunna kariya daga gogewa, a ajiye ko-ta-kwana na kwana 30, a buɗe ƙofa ga wannan sabar kaɗai, a ƙi duk wanda ya nemi akasin haka. Wannan kod ne mai sharaɗi da lissafi, kuma sikima ba ta da wurin sa shi.

Ka duba yadda Pulumi ɗin ya warware wannan da ya kawo ƙunshi mai harsuna da yawa a 2021. Kana rubuta hukuncinka da harshe ɗaya, a samar wa sauran harsuna fuska daga sikima, amma idan aka kira shi, ainihin kod ɗin a harshensa na asali yake gudana, a wani shiri na dabam, ana magana da shi ta gRPC. Idan da TypeScript ka rubuta, to mai Python yana bukatar Node kamar dai a jsii. Idan da Go ka rubuta ka tsira daga wannan, tunda fayil guda mai gudana da kansa za ka raba, kuma na yarda wannan riba ce ta gaske. Amma maƙerar tana nan a lungu, yaron aiken ne kawai aka sauya.

Mai Pulumi:
Na karɓi wannan, Malam. Sai dai ribar da ka ambata ba ƙarama ba ce ga wanda yake da masu Go a tawagarsa. Amma tunda sun riga sun gina komai a kan CloudFormation, ba zan ce su kwashe kaya su ƙaura saboda laburare ɗaya ba.

Ɗan Go:
Tunda an ambace mu, bari in faɗi abin da yake raina. CDK a Go yana aiki, amma ba Go ba ne irin wanda muka sani. Saboda harshen ba shi da gurbi na ganin dama kamar TypeScript, an mayar da kusan komai manuni, sai ka ga kowane suna an naɗe shi da jsii.String, kowace lamba da jsii.Number, shafi guda ya cika da su har ido ya gaji. Lambobin kuma duk float64 ne, ko da adadin sabar kake faɗa, domin jsii nau'in lamba ɗaya yake ɗauka daga JavaScript, wanda ba ya riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta wuce 9,007,199,254,740,991. Sannan al'adarmu ita ce aiki ya dawo maka da kuskure ka duba shi, a nan kuwa shirin faɗuwa yake yi gaba ɗaya. Rarrabawar ma dabam ce, domin Go ba shi da rumbu irin PyPI, sai an tura kod ɗin da aka samar zuwa wata ma'ajiyar git an lika masa lambar siga. Ni da za a ba ni zaɓi, in rubuta manhajata da Go, in rubuta shafuka biyun da suke kafa ta a gajimare da TypeScript, ya fi mini sauƙi. Kwana uku sun isa mutum ya koyi abin da yake bukata.

Mai Terraform:
To ai ga amsar nan ta fito daga bakin Ɗan Go, ko da yake bai ƙarasa ta ba. Idan har za a yarda cewa harshen kafa kaya ba dole ne ya zama harshen manhaja ba, me ya hana a ɗauki HCL, harshen kayan aikin kafa kaya na Terraform? Terraform yana nan tun 2014, modul ɗaya ake rubutawa kowa ya kira shi, babu Node, babu fuska uku, babu rumbu uku. Wanda sauyin lasisin da HashiCorp, masu Terraform, suka yi a watan Agustan 2023 ya dame shi, ga OpenTofu nan, wanda aka tsiro da shi daga kod ɗin Terraform, a ƙarƙashin Linux Foundation. Su kansu HashiCorp da suka so su ba masu Python da Java hanya a 2020, jsii ɗin nan suka ara suka gina CDKTF, wato CDK na Terraform, wanda a ƙarshe JSON yake fitarwa ya miƙa wa Terraform na asali. Ni a ganina duk wannan samar da kod magani ne na cutar da mu muka jawo wa kanmu.

Malamar Java:
Malam, HCL yana da kyau har zuwa ranar da dokarka ta ƙunshi sharaɗi uku a cikin juna, a nan za ka ga for_each da dynamic sun sarƙe ta yadda wanda ya rubuta ma ba ya iya karantawa bayan wata biyu. Kuma ba za a ce wa mutanen da suke da tarin kaya a CloudFormation su mayar da su wani wuri ba tare da an faɗa musu cewa shigo da albarkatu ɗaya bayan ɗaya aikin makonni ne.

Ɗaliba mai koyon aiki:
Ina da tambaya, kuma a gafarce ni idan ta yarinta ce. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke iya mayar da kod daga harshe zuwa harshe, me zai hana a rubuta da TypeScript, a ba su su mayar da shi Python da Java na gaske, kowa ya sami nasa zalla?

Tsohon hannu:
Ba ta yarinta ba ce, 'yata, manya ma suna yin ta, kuma amsarta tana cikin wani abu da ya kamata duk mai CDK ya haddace. CloudFormation yana gane kowace albarka ne da wani suna na ciki, CDK kuma yana ƙera wannan sunan daga jerin sunayen da aka bi daga tushen shirin har zuwa albarkar, ya ƙara masa haruffa takwas da ya lissafo daga wannan jerin. Idan a fassarar Python aka rubuta sunan wani sashe da ƙaramin harafi inda na asali yake da babba, ko aka cusa shi a cikin wani aji na tsakiya, sunan cikin ya sauya. A wurin CloudFormation wannan na nufin tsohuwar albarkar ta tafi, sabuwa ta zo, sai ya ƙirƙiro sabon rumbun bayanai babu komai a ciki, ya kuma juya kan tsohon. Fassarar za ta yi kyau a ido, za ta wuce kamfaila, amma harafi ɗaya ya isa. Kuma ba sau ɗaya za a yi ta ba, duk ranar da aka gyara laburaren sai an sake, an kuma sake dubawa sau uku.

Akwai wani tarkon da ya shafi marubucin laburaren kansa. Wasu ƙimomi ba a san su ba sai lokacin kafawa, kamar lambar ƙofar rumbun bayanai, don haka CDK yana sa musu wakili na wucin gadi. Idan rubutu ne za ka ga kalmar Token a ciki ka gane. Idan lamba ce, wakilin wata lamba ce mai alamar ragi da take farawa da 1.888 ta ƙare da e+289. Na taɓa rubuta sharaɗin da yake ƙin duk ƙofar da ta gaza 1024, sai ya riƙa ƙin ƙofar da take daidai, domin wakilin ya gani. Maganin shi ne a tambayi Token.isUnresolved kafin a yi kowane lissafi. Irin wannan sanin sau ɗaya ake so a zuba shi a wuri ɗaya, ba a dogara cewa kowace fassara za ta tuna da shi ba.

jsii yana da abin da yake fassara na gaske, jsii-rosetta, amma misalan da suke cikin takardun bayani kawai yake mayarwa, inda kuskure ba ya goge wa kowa rumbu.

Shugaban tawaga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga inda na tsaya bayan na karanta duka. Za mu rubuta laburaren da TypeScript, mu fitar da na Python da na Java kawai, mu ajiye su tare da na npm, wato na TypeScript ɗin, a CodeArtifact, rumbun laburare na AWS, tunda yana karɓar duka ukun. Na Go ba za mu fitar ba a yanzu. Na yi magana da samarin namu biyu na nuna musu abin da Ɗan Go ya rubuta, su ma sun fi son su kafa kayansu da TypeScript. Za mu fara da abu uku, bokiti, rumbun bayanai da layin saƙonni, ba za mu yi yunƙurin rufe duk AWS ba. Abin da ya rage mini shi ne sauya siga. Idan muka gyara laburaren, ta yaya za mu san ba mu karya wa masu Java wani abu ba alhali a TypeScript komai yana tafiya lafiya?

Malamar Java:
Akwai jsii-diff, wanda yake kwatanta fayil ɗin fuska na sabuwar siga da na tsohuwa ya faɗa maka abin da zai karya wa wani harshe. Ku sa shi cikin gwajin da yake gudana kafin a haɗe kowane gyara, domin akwai sauyin da ba ya damun TypeScript amma yana hana Java haɗuwa. Sai dai shi fuska kawai yake dubawa, bai san komai a kan sunayen ciki da Malam ya yi bayani ba. Don haka ku ajiye kwafin takardar CloudFormation da kowane sashe yake fitarwa, gwaji ya faɗi idan ta sauya, mutum ya duba da idonsa kafin ya amince. Ku kuma rubuta ƙaramin shiri ɗaya da Python, ɗaya da Java, waɗanda suke kiran laburaren a kowane gini, saboda sai a nan za ku ga abubuwa irin su gurbin da kuka sa wa suna from ya koma from_ a Python don ya ci karo da kalmar harshen.

Ɗan Go:
Ƙari ɗaya, Yallabai. Ku tsayar da sigar Node guda a dukkan akwatunan gini na tawagogin uku, ku rubuta ta a wuri ɗaya da kowa zai ɗauka. Masu Python da Java ba sa tunawa da cewa suna da Node a ƙarƙashinsu, sai ranar da sigar ta tsufa gargaɗi ya fara cika musu allo.

Shugaban tawaga:
An rubuta. Ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu fara da na rumbun bayanai, kuma zan nemi tawagar Java su ba ni mutum ɗaya da zai zauna da marubucin tun daga ranar farko.